Jinga ta farko a kwas ɗin gudanarwa: ina ake samo muƙalolin ilimi, kuma yaya ake aiki da su?

Zainab: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina aji ɗaya a sashen nazarin kasuwanci, an ba mu jinga ta farko a kwas ɗin halayyar ma'aikata a wurin aiki. Tambayar ita ce: shin ma'aikacin da ya gamsu da aikinsa ya fi wanda bai gamsu ba ƙwazo? Malamin ya ce kalmomi 1500, kuma dole a kafa hujja da muƙaloli aƙalla shida daga mujallun ilimi waɗanda masana suka tantance. Ya ce kada a kawo masa Wikipedia ko shafukan intanet. Na rubuta tambayar a Google, duk abin da ke fitowa rubuce-rubucen kamfanonin ba da shawara ne da na masu ƙarfafa gwiwa. Don Allah waɗanda suka riga mu, ina ake samun irin waɗannan muƙaloli? Ta yaya zan gane wadda aka tantance? In kuma na samu, yaya ake karanta su? Wadda na buɗe cike take da jadawalin lissafi, na kasa gane inda amsar take.

Nura: Ni ma wannan jingar ce a gabana. Ina nan ina sauraro.

Aminu: Wa alaikumus salam ƙanwata. Ina karatun digiri na biyu a wannan fanni, kuma tambayar da aka ba ki tsohuwa ce, an yi shekaru da dama ana fafatawa a kanta, saboda haka ba za ki rasa abin karantawa ba. Da farko ki bar Google na yau da kullum ki koma Google Scholar. An buɗe shi a 2004 musamman don rubuce-rubucen ilimi. Kada ki rubuta masa tambaya cikakkiya kamar mai hira. Ki sa kalmomin da masu binciken kansu suke amfani da su, wato "job satisfaction" da "job performance", kowace cikin alamar zance don ya nemo su a haɗe. Sai ki ƙara "meta-analysis" a gefe. Wannan wani nau'in bincike ne da ake tattaro sakamakon bincike masu yawa a haɗa su a lissafi guda, don a ga abin da suke nunawa gaba ɗaya.

In kin yi haka za ki ci karo da muƙalar Timothy Judge da abokan aikinsa uku, wadda ta fito a mujallar Psychological Bulletin a 2001. Sun haɗa samfura 312, wato rukunonin ma'aikatan da aka bincika, suka samu cewa alaƙar da ke tsakanin gamsuwa da ƙwazo ta kai kimanin 0.30. Kafin su, a 1985, Iaffaldano da Muchinsky sun yi irin wannan aiki a wannan mujallar suka samu 0.17 kawai, abin da ya sa aka daɗe ana cewa alaƙar ba ta taka kara ta karya ba. Kin ga tun daga nan kin samu saɓani tsakanin masana, kuma saɓanin nan shi ne ƙashin bayan jingarki.

Rabi: Sannu Zainab. Ni ma'aikaciyar laburare ce a jami'a. Shawarar Aminu tana da kyau, amma akwai abin da zan ƙara don kada ki faɗa rami. Google Scholar ba ya tantance komai. Yana kwaso muƙalar babbar mujalla, ya kwaso kundin ɗalibi, ya kwaso takardar da aka gabatar a taro, ya jera su tare ba bambanci. Malaminki kuwa ya ce waɗanda masana suka tantance yake so. Ma'anar hakan ita ce, idan mai bincike ya aika rubutunsa ga mujalla, edita zai tura wa masana biyu ko uku na wannan fanni, galibi ba su san sunan marubucin ba, shi ma bai san nasu ba. Su duba yadda aka tattara bayanai, yadda aka yi lissafi, da ko sakamakon ya isa ya ɗauki abin da marubucin ya ɗora masa. Sau da yawa akan mayar da rubutun a gyara fiye da sau ɗaya, kuma manyan mujallu suna ƙin mafi yawan abin da aka aiko musu.

Hanya mafi sauƙi ita ce ki shiga shafin laburaren jami'arku ki ga rumbunan bayanan da suke biyan kuɗinsu. A fannin kasuwanci sanannun su ne Business Source na EBSCO, da ABI/INFORM na ProQuest, da Emerald, da ScienceDirect, da JSTOR. Ba kowace jami'a ke da su duka ba. A EBSCO da ProQuest akwai ɗan akwati a gefe da za ki danna ya bar miki waɗanda aka tantance kawai. Kuma ki je laburaren da ƙafarki ki tambayi wanda ke kula da sashenku. Aikinmu ke nan, kuma abin da ke damuna shi ne yawancin 'yan aji ɗaya ba sa zuwa sai suna aji huɗu, lokacin da kundin kammala digiri ya sha musu kai.

Bashir: Gaskiya ni ban ga dalilin wannan wahala ba a wannan zamani. Ki buɗe manhajar ƙirƙirarriyar basira ki ce ta ba ki muƙaloli shida a kan batun tare da taƙaitaccen bayanin kowace. Minti biyu an gama. Mu ɗalibai ne, kwasa-kwasai nawa ne a kanmu a zango ɗaya? Malaman ma ai ba bin manazartar suke yi ɗaya bayan ɗaya ba.

Malam Sani: Bashir, wasunmu muna bi. Ina koyar da 'yan aji ɗaya, kuma manazarta ce farkon abin da nake dubawa, kafin ma gabatarwa. Waɗannan manhajoji suna iya ƙirƙiro muƙalar da ba a taɓa rubutawa ba: su ɗauki sunan masani na gaskiya, su haɗa shi da mujalla ta gaskiya, su lanƙaya take mai kama da gaske da shekara da lambar shafi. In ka je nema, babu ita. Wani lokaci kuma muƙalar tana nan, amma abin da manhajar ta ce ta faɗa ba shi ta faɗa ba, kuma wannan ya fi haɗari domin ɗalibi ba zai yi zargin komai ba. Gano hakan ba wuya. Yawancin muƙalolin mujallu suna da lambar shaida da ake kira DOI, wadda ke farawa da 10 da ɗigo. Ka liƙa ta a shafin doi.org, nan take za ta kai ka ga muƙalar ko ta nuna babu. Ɗalibin da ya kawo manazarta ta ƙarya ba maki kaɗai yake rasawa ba, a jami'o'i da yawa laifi ne na rashin gaskiya a karatu, kuma yana iya kaiwa gaban kwamiti.

Amma ba tsoron kamawa nake so ya hana ka ba. Tambayar da aka ba Zainab, duk manajan da zai ɗauki ma'aikata wata rana zai yanke hukunci a kanta: ya kashe kuɗi wajen kyautata wa ma'aikata da fatan ƙwazo zai ƙaru, ko kuwa ya bi wata hanya. In ka saba karɓar amsa ba tare da ka ga tushenta ba, haka za ka yi a ofis idan wani ya zo maka da rahoto mai kyan shafi.

Bashir: Malam na ji, kuma ban musa batun manazartar ƙarya ba. Amma a yi adalci. Ɗan aji ɗaya bai yi kwas ɗin ƙididdiga ba tukuna, an miƙa masa muƙala mai shafi talatin cike da alamomin da bai taɓa gani ba. Wa zai zauna ya yi masa bayani da tsakar dare? In na liƙa wa manhajar sakin layi na ce ta fayyace min da sauƙi, ina laifin?

Malam Sani: A nan kana da gaskiya, kuma ban hana ba, muddin dokar sashenku ta yarda, don jami'o'i sun bambanta a kan wannan. Ka duba takardar kwas ko ka tambayi malaminka kai tsaye. Bambancin shi ne muƙalar tana gabanka, kai ka nemo ta, kana iya komawa ka gwada bayanin da aka ba ka da abin da ke rubuce. Abin da ban yarda da shi ba shi ne ka sa sunan marubuci a aikinka alhali idonka bai taɓa sauka a kan rubutunsa ba.

Zainab: Allah ya saka da alheri Malam, da Anti Rabi, da Yaya Aminu. Na samu muƙalar Judge ɗin ta laburare. To yanzu batun karatun ne. Daga ina zan fara? Kuma me 0.30 ɗin ke nufi a aikace?

Aminu: Kada ki fara daga shafi na ɗaya ki bi layi-layi har ƙarshe, za ki gaji kafin ki kai inda ake magana. Ki karanta tsakure tukuna, wato taƙaitaccen bayanin da ke farkon muƙala. Daga shi za ki yanke ko muƙalar ta shafi tambayarki ko a'a, kuma mafi yawan waɗanda za ki buɗe a nan za ki bar su. In ta shafe ki, sai gabatarwa, musamman sakin layinta na ƙarshe inda marubuta ke faɗin abin da suka nufa. Daga nan ki tsallaka zuwa sashen tattauna sakamako da kammalawa, inda suke fassara lambobin da kalmomi. Bayan kin san inda suka dosa ne za ki koma kan hanyoyin bincike, kuma a nan abubuwa kaɗan kike nema: su wa aka tambaya, mutum nawa, a wace ƙasa da wace irin ma'aikata, kuma yaya aka auna ƙwazon. Wannan na ƙarshe yana da muhimmanci ƙwarai a batunki. Wani bincike shugaban ma'aikaci ne ke ba shi maki, wani kuma alƙaluman abin da ya sayar ko ya samar ake dubawa, wani ma ma'aikacin ne da kansa ke cewa shi mai ƙwazo ne. Waɗannan ba abu ɗaya suke aunawa ba, don haka ba mamaki sakamakonsu ya bambanta.

Batun 0.30 kuwa, ma'aunin alaƙa yana tafiya ne daga -1 zuwa 1. Sifili na nufin babu alaƙa, 1 na nufin abubuwan biyu suna tafiya tare daidai wa daida. Saboda haka 0.30 alaƙa ce ta gaske amma matsakaiciya. A jimlace waɗanda suka gamsu sun ɗan fi ƙwazo, amma za ki samu masu gamsuwa da yawa marasa ƙwazo, da masu ƙwazo da yawa da ba su gamsu ba.

Malam Sani: Zan ɗora a kan wannan, domin a nan ne ɗalibai suka fi zamewa. Alaƙa ba ta faɗa miki wane ne ya haifar da wane. Tun a 1967 Edward Lawler da Lyman Porter suka kawo ra'in cewa lamarin na iya zama a juye: mutum ya yi aiki da kyau, a saka masa, sai ya gamsu. Wato ƙwazo ne ke jawo gamsuwa. Akwai kuma yiwuwar wani abu na uku, kamar halin mutum ko irin shugaban da yake ƙarƙashinsa, shi ke ɗaga su biyun tare. Judge da abokansa sun jera irin waɗannan hanyoyi daban-daban a farkon muƙalarsu. Idan binciken da kika karanta ya tambayi mutane sau ɗaya a rana ɗaya, ba zai iya raba miki wannan gardama ba. Wanda ya bi ma'aikata na tsawon watanni ko shekaru ya fi ƙarfi a nan. Ɗalibar aji ɗaya da ta rubuta min wannan bambanci a jingarta, ko da jimla uku ne, ta nuna min ta karanta da hankalinta.

Ki kuma lura, Lyman Porter daban, Michael Porter na dabarun gasar kasuwanci daban. Ina ganin ana haɗa su a manazarta.

Nura: Malam tunda an ambaci Michael Porter, mujallar Harvard Business Review fa? Na ga rubuce-rubucenta sun fi sauƙin karantawa nesa ba kusa ba. Tana cikin shidan?

Aminu: A ƙa'ida ba ta ciki. Editoci ne ke zaɓar abin da za su buga, ba irin tantancewar da Anti Rabi ta bayyana ba ce. Don manajoji ake rubuta ta.

Fatima: Ni ban yarda a yi watsi da ita haka kawai ba. Ina aji uku. Mujallar tana fitowa tun 1922, kuma a cikinta Michael Porter ya fara gabatar da ra'in abubuwa biyar masu juya gasa a 1979, abin da ake koyarwa a kowane ajin dabarun kasuwanci har yau. In za ka yi magana a kan wannan ra'i, ai can ne asalinsa, dole ka ambace ta. Raina ta saboda tana da sauƙin karantawa wani irin girman kai ne da ke damun masu ilimi.

Aminu: Ban raina ta ba Fatima. Tambayar Nura ita ce ko tana cikin shidan da malami ya gindaya, amsa kuma a'a ce sai in malamin ya ce ya yarda. Ya sa ta a matsayin ta bakwai in yana so. Abin lura kawai shi ne irin aikin da za ta yi masa. Tana da kyau wajen kawo ra'i da misalan kamfanoni. Amma in ya ce "bincike ya tabbatar", to ya kawo inda aka nuna bayanan da lissafin, irin su Academy of Management Journal ko Journal of Applied Psychology ko Strategic Management Journal.

Fatima: A haka mun daidaita. Bari in kawo wani abu da ya shafi Zainab kai tsaye, don na san za ta ambaci Abraham Maslow, mai ra'in matakan buƙatun ɗan Adam, kusan kowa na yi a wannan kwas. Kusan duk littafin koyarwa yana da hoton dala mai hawa biyar da sunan Maslow a ƙasa. To muƙalarsa ta asali ta 1943 a mujallar Psychological Review babu wannan zane a cikinta. A 2019 Todd Bridgman da Stephen Cummings da John Ballard sun bi diddigin lamarin a Academy of Management Learning and Education, suka nuna cewa wasu ne daga baya suka mayar da ra'in nasa dala, suka ambaci wani mai ba kamfanoni shawara, Charles McDermid, wanda ya zana ta a 1960. Kuma Maslow da kansa ya rubuta cewa ba lallai sai buƙata ta cika ɗari bisa ɗari sannan ta gaba ta taso ba, amma dalar tana sa ɗalibi ya ɗauka tsani ne da ba a tsallake mataki. Shekara da shekaru ana kwafar hoton daga littafi zuwa littafi. Gani ya kori ji. Muƙalar 1943 tana nan kyauta a intanet, kuma harshenta ba mai wuya ba ne.

Rabi: Misali mai kyau. Amma kada 'yan aji ɗaya su fahimci cewa littafin koyarwa ba shi da amfani. Ni shawarata a fara da shi. Ki karanta babin da ya shafi batun don ki san sunaye da kalmomi da yadda fannin ya kasu, sannan ki duba manazartar babin ki ɗauki waɗanda aka fi jingina da su. Daga nan akwai tafiya iri biyu. Ta baya: manazartar kowace muƙala tana kai ki ga waɗanda suka gabace ta. Ta gaba: a Google Scholar, ƙarƙashin kowace muƙala akwai "Cited by", wanda ke nuna duk waɗanda suka ambace ta bayan fitowarta. Ki danna shi a ƙarƙashin ta Judge, ki taƙaita shekarun zuwa na baya-bayan nan, ki kuma yi bincike a cikin sakamakon da wata kalma da ta dame ki, misali aiki daga gida ko ƙananan kamfanoni. Muƙala ɗaya mai kyau ta isa ta buɗe miki duk sauran.

In kuma ya zama dole ki kawo maganar wanda ba ki samu rubutunsa ba, ki faɗi gaskiya cewa wane ya faɗa kamar yadda wane ya ruwaito, sai ki sa wanda kika karanta a manazarta. Tsarin rubuta manazarta na APA da na Harvard duk suna da yadda ake rubuta hakan.

Nura: Wani malaminmu ya ce kada mu yi amfani da abin da ya wuce shekara biyar. Ke nan 2001 da 1985 da 1943 duk sun fita?

Malam Sani: In malamin da ya ba da jingar ne ya faɗa a matsayin sharaɗi, a bi, amma a tambaye shi ko ya haɗa har da ayyukan tushe, don yawanci ba su yake nufi ba. Ni a ganina dokar tana da wurinta. In kana rubutu a kan tallace-tallace ta kafofin sada zumunta ko biyan kuɗi ta waya, abin da aka rubuta shekara goma sha biyar baya ya tsufa, domin duniyar da ya bayyana ta sauya. Amma ra'i yana da ranar haihuwa. Ba za ka yi maganar albarkatun kamfani a matsayin tushen fifikonsa ba ka tsallake rubutun Jay Barney na 1991 don kawai ya tsufa. Abin da ya dace a jinga mai muƙaloli shida shi ne biyu ko uku na tushe, sauran kuma sababbi da ke nuna inda muhawarar ta kai yau.

Zainab: Na samu wata muƙala da take ya yi daidai da tambayata kalma da kalma, kuma kyauta ce. Amma sunan mujallar dogo ne, ta haɗa kasuwanci da injiniyanci da aikin gona da ilimin harshe duk a wuri ɗaya, kuma akwai kurakuran rubutu tun daga tsakure. A shafinsu sun ce suna buga muƙala cikin mako guda.

Rabi: Ki bar ta. Duk alamomin da kika lissafa na mujallun neman kuɗi ne, waɗanda ke karɓar kuɗin marubuci su buga ba tare da tantancewa ta gaskiya ba. Tantancewa ta gaske takan ɗauki watanni. Wani ma'aikacin laburare a Amurka, Jeffrey Beall, ya daɗe yana tara sunayen irin waɗannan mawallafa har ya rufe jerin nasa a farkon 2017. Yanzu mun fi ba da shawarar a duba ta ɗaya ɓangaren, wato ko mujallar tana cikin wuraren da ake tace masu shiga. Ga mujallun kyauta akwai DOAJ, wanda aka fara a Jami'ar Lund ta Suwidin a 2003. Akwai Scopus da Web of Science. A fannin kasuwanci kuma akwai jagoran mujallu na ƙungiyar makarantun kasuwanci ta Birtaniya, Chartered ABS, wanda ke ba mujallu daraja daga 1 zuwa 4 mai tauraro. Ba sai kin tsaya a kan masu 4 ba, kasancewar mujalla a jerin ma kaɗai ya ishe ki a wannan mataki. Kuma kada ki ɗauka duk abin kyauta na banza ne, akwai mujallu nagari da ke buɗe ga kowa.

Bashir: To waɗanda aka kulle fa, ake cewa sai ka biya? Akwai shafukan da ake sauke komai a ɓoye, kowa ya san su.

Rabi: Na san su, kuma ba zan tura ɗalibi can ba, don sun saɓa dokar haƙƙin mallaka. Ɗalibi kuma kada ya zaro kuɗinsa ya sayi muƙala. A Scholar ka danna "All versions", sau da yawa marubucin ya ajiye kwafi a rumbun jami'arsa. Ka sa Unpaywall a burauzarka, tana nuna maka kwafin halal in akwai. A fannin kuɗi da tattalin arziki ka duba SSRN, wanda ke aiki tun 1994, da RePEc, sai dai ka sani yawancin abin da ke can rubutun farko ne da ba a kammala tantancewa ba, don haka ka nemi wanda aka buga a mujalla ka ambace shi. Laburare na iya aro maka daga wani laburaren. In duk sun ƙi, ka rubuta wa marubucin gajeriyar wasiƙa ta imel cikin ladabi. Da yawansu suna turowa, suna ma jin daɗin an nemi aikinsu.

Fatima: Abu ɗaya da ba a taɓo ba shi ne ajiya. Zainab, ki sauke Zotero yau, kyauta ce. Duk muƙalar da kika buɗe, danna ɗaya za ta adana miki suna da shekara da mujalla da shafuka, sannan ta jera miki manazarta a Word da tsarin da kika zaɓa. Amma ki riƙa dubawa, wani lokaci takan ɗauko bayanai a karkace. Sannan ga kowace muƙala ki rubuta 'yan layuka da kalmominki bayan kin rufe ta: me suka tambaya, su wa suka bincika, me suka samu, ina rauninsu. In kin kwafi jimla kai tsaye, ki sa mata alamar zance da lambar shafi a take. Yawancin satar rubutu da ake kama 'yan aji ɗaya da ita ba da gangan ba ce. Mutum ya kwafa a littafinsa, bayan mako biyu ya manta ba maganarsa ba ce. Sauya kalma biyu-uku a jimlar wani ma bai mayar da ita taki ba.

Zainab: Akwai abin da ke min nauyi. Ni da ban cika zango ɗaya ba, ya zan rubuta cewa binciken farfesa yana da rauni?

Malam Sani: Ba ki ce farfesan bai san aikinsa ba, kin ce ga iyakar abin da wannan binciken zai iya nunawa. Su kansu marubutan suna da sashe kusa da ƙarshe inda suke lissafa gazawar aikinsu, ki fara daga can. Kuma tarihi ya nuna ɗalibi na iya ganin abin da manya ba su gani ba. A 2010 Carmen Reinhart da Kenneth Rogoff, manyan masana tattalin arziki a Amurka, sun fitar da muƙala da ke nuna cewa bunƙasar tattalin arziki na raguwa sosai idan bashin gwamnati ya haura kashi 90 cikin ɗari na abin da ƙasa ke samarwa. 'Yan siyasa a Turai da Amurka sun yi ta kafa hujja da ita. Daga baya wani ɗalibin digiri mai zurfi a Jami'ar Massachusetts Amherst, Thomas Herndon, ya yi ƙoƙarin maimaita lissafin a matsayin aikin aji, ya kasa samun lambobinsu. Da ya karɓi jadawalinsu na Excel a 2013 sai ya ga an bar ƙasashe biyar a wajen lissafin matsakaici, ban da wasu matsaloli na yadda aka zaɓi bayanai da auna su. Ba na sa ran ki gano irin wannan a aji ɗaya. Abin da nake sa rai shi ne ki iya cewa wannan bincike a asibitoci aka yi shi, ko zai yi daidai da masana'anta? Wannan ma'aikata sittin kawai ya tambaya, wancan dubbai. Wannan ita ce sukar da ake nema a matakinki.

Zainab: Na gode ƙwarai. Ga yadda na tsara: sakin layi ɗaya ga kowace muƙala, shida ke nan, sai gabatarwa da kammalawa. Ya yi?

Malam Sani: A'a 'yata, wannan zai zama taƙaitawa shida a jere. Ki tsara bisa hujja. Sashe na farko: akwai alaƙa kuwa, kuma yaya ƙarfinta? A nan ki haɗa ta 1985 da ta 2001 a sakin layi ɗaya, ki faɗi dalilin da ya sa lambobinsu suka bambanta, Judge da abokansa sun yi bayanin hakan, ki nemo shi. Sashe na biyu: wanne ke haifar da wanne? A nan Lawler da Porter za su shigo tare da wani sabon bincike da ya bi ma'aikata na tsawon lokaci. Sashe na uku: a wane irin aiki alaƙar ta fi ƙarfi? Ta 2001 ta nuna ta fi ƙarfi a ayyuka masu sarƙaƙiya. Muƙala ɗaya na iya fitowa a sashe biyu, ba laifi. A kammalawa ki amsa tambayar da bakinki, ki faɗi iya inda hujjar ta kai.

Nura: Malam, in malamin bai faɗi tsarin manazartar da yake so ba fa?

Malam Sani: Ka duba takardar kwas ko jagoran ɗalibai na sashenku, galibi yana ciki. In babu, ka tambaye shi kafin ka fara rubutu. Sassan kasuwanci sun fi amfani da APA ko Harvard, duka biyun suna da sunan marubuci da shekara a cikin rubutu. In APA ne, bugu na 7 ake kai yanzu, wanda ya fito a 2019, ka tabbatar shi ka zaɓa a Zotero ba na 6 ba.